Kwanon Wanda Ke Daji

A gidanmu, can wani ƙauye a ƙasar Kuyello, ba a tsallake kwanon wanda ya yi tafiya. In an sauke tukunya sai a zuba masa nasa, a rufe da faifai, a ajiye. In bai dawo ba, gari na wayewa a ɗumama a ba mabukaci. Haka na tarar da uwata tana yi. Kwano ɗaya ake kifewa, shi ne na wanda aka kai makwancinsa.

Ɗana na fari, wanda bakina bai taɓa kama sunansa ba don kunya, 'yan bindiga suka ɗauke shi a gona yana karyar masara, suka nausa daji da shi wajen Kamuku. Da farko sukan kira a waya, har in ji tarinsa. Daga baya waya ta yi shiru. Ni dai ban fasa zuba masa ba. Damina ta wuce ina zubawa, rani ya shigo ina zubawa.

Ƙanwarsa mai aikin jinya a Kaduna ta sa aka ɗauko ni, muka biyo rakiyar sojoji. Kwanon yana cikin ƙullin kayana.

Ran wata Asabar da hantsi ta ce, "Inna, yafa gyalenki, yau ba a hura wuta a gidan nan. Zan kai ki inda ake cin na safe da na rana a zama ɗaya."

Na ce, "Masu gidan makara suke yi?"

Ta yi yaƙe.

Muka shiga wani ɗaki mai faɗi, sanyi kamar cikin randa. Tukwanen ƙarfe masu ƙyalli a jere, kowace da 'yar wutarta a ƙarƙashi. Ga waina, ga ƙosai, ga farfesun kan sa, ga doya da ƙwai, ga wasu abubuwan da ban san kansu ba. Mutane sun ci ado kamar ranar suna, suna ci suna hira, ba mai waiwayen ƙofa. Na daɗe ban ga mai cin abinci bai kasa kunne waje ba.

Na ce, "Ina mai rabo?"

Ta ce, "Babu, Inna. Kowa shi ke zuba wa kansa."

Na ce, "To, wanda ba ya nan fa, wa zai zuba masa?"

Ta sunkuyar da kai. Na ɗauki faranti uku. Na zuba nawa kaɗan, na cika na biyu da waina da farfesu, don shi mai son romo ne, na kifa na uku a kai a madadin faifai. Na ajiye shi gaban kujerar da ba kowa.

Wata mata cikin masu hidima ta zo da shayi, ta dubi farantin ta ce, "Mama, akwai wanda kuke jira?"

Na ce, "Akwai."

'Yata ta ce, "Babu."

Matar ta ajiye shayin ta yi gaba.

Nan 'yata ta kama hannuna. Ta ce maƙwabcinmu, malamin makarantar nan Kirista da aka ɗauke su rana ɗaya da ɗana, ya kuɓuto, ta je ta gan shi a gadon asibiti. Ya ce ranar da aka tashe su daga sansani zuwa wani, ƙafar yayanta ta kumbura, ba ya iya takawa. Aka bar shi gindin wata ɗorawa da ruwa a jarka.

Na ce, "Ya ga gawarsa?"

"Bai gani ba."

"Wani ya gani?"

"Inna, wata biyu ke nan fa."

Ta ce baffanninsa suna so a yi masa addu'a, a raba sadaka, matarsa ta san matsayinta. Ni kaɗai ake jira. In na kife kwano, kowa zai bi.

Sai a lokacin na gane abin da ya sa ta kawo ni wurin. Ta san ba zan yi kururuwa a tsakiyar baƙin ido ba. Kuma ban yi ba.

Ta ce, "Ki ci, Inna, don girman Allah. Dubi yadda wuyanki ya zama."

Na gutsiri waina na tsoma a romo. Allah Ya yafe mini, ta yi daɗi. Na ci ɗaya, na ci biyu, na ci uku, bakina yana jin daɗi, ɗana yana gindin ɗorawa. Har yau in na tuna daɗin wainar nan sai in ji kamar in tsaga ƙasa in shige.

Da muka tashi, na sa hannu biyu na ɗauki farantinsa. Mai hidimar ta tare ni a hankali ta ce, "Mama, ba a fita da abinci a nan."

Na ce, "'Yar nan, ba nawa ba ne. Mai shi yana daji."

Na fara shimfiɗa bakin gyalena in juye. 'Yata tana cewa, "Inna, ana kallonmu," ni ko a jikina. Matar ta dube ni, ta dube ni, ta tafi ta dawo da roba mai murfi, ta juye da hannunta, har romon da ya rage ta kalace masa.

Na kai gida na zuba a kwanonsa na rufe. Na ce wa 'yata ta gaya wa baffanni, ranar da suka kawo mini wanda ya gani da idonsa, zan kife. Kafin nan kada wanda ya taɓa.

Washegari aka sauke tukunya, na jawo kwanon. Ludayi uku nake zuba masa tun yana saurayi. Na zuba ɗaya, na zuba biyu, sai na ga hannuna ya rufe kwanon da faifai. Ban sa shi ba. Na tsaya ina kallon hannun nan kamar na wata. Sannan na buɗe, na ƙara na ukun, rabi ya zube a ƙasa.