Hoton da Ba a Liƙa Ba

Ƙarfe takwas da rabi na safiyar wata Litinin, cikin bazarar shekarar da nake aji shida, darakta ya shigo ajinmu da takarda a hannu. Mu goma sha tara ne a zaune, malaminmu yana tsaye jikin allo. Darakta ya kira sunaye goma sha biyu, ya ce su ne za su je Tanut rubuta jarrabawar sartifika, ta gama firamare. Ya naɗe takardarsa. Sunana bai fito ba.

Ga yadda tsarin yake a lokacin. Bayan jarrabawa, sufeton makarantu yakan jera makarantun yankin daga ta ɗaya har ta ƙarshe. Abin da ake dubawa shi ne, cikin waɗanda suka zauna, nawa suka ci. Wanda bai zauna ba, ba ya cikin ƙirga. Shekarar da ta gabata mun zo kusa da ƙarshe, har ana cewa in aka maimaita za a tura darakta arewa, wajen Tenhya. Shi ya sa ya tankaɗe mu kamar garin hatsi.

Ni ba daƙiƙi ba ne, makara ce ta ci ni. Rijiyar garinmu zurfi gare ta. Da asuba ni ke kora jaki yana jan guga har dabbobi su ƙoshi, sannan in ruga lekol, wato makaranta, ƙafafuna duk caɓi, in tarar an gama shiftar Faransanci.

Tun kafin ranar, baba ya kai ni Tanut an ɗauke ni hoton da za a liƙa a takardar jarrabawa, cikin rigar yayana. Da la'asar ɗin wannan Litinin ya je wurin darakta, ina biye da shi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ku bar shi ya gwada. In zai faɗi, ya faɗi da kansa." Darakta ya ce, "Malam Habu, in ya faɗi ba shi kaɗai zai faɗi ba. Ya jira baɗi." Da baɗi ta zo aka ce shekaruna sun wuce. Na koma gona.

A shekarar da aka tankaɗe mu, makarantarmu ta zo ta biyu. An yi kiɗa a filin tuta, ni ma na tafa.

Yau jikokina suna jin sakamako ta wayar hannu, ana ta yabon makarantun da suka yi fice. Hoton nan yana cikin akwatina, bayansa fari fat, gam bai taɓa shi ba. Ina roƙonka, mai karatu, duk ranar da ka ji an ce wata makaranta ta zo ta ɗaya, ka tambaya yara nawa aka bari a gida.