Ramin Kifin Sahabi

Duk Warra babu wanda bai san Sahabi da jefa birgi, komar kamun kifi, ba. Shekara da shekaru, in ya tura jirginsa cikin ruwa, matarsa Dudu kan hura wutar banda tun bai juyo ba, don ta san ba zai dawo hannu rabbana ba. A bayan gida take zubar da tokar, har ta zama tudu, awaki na hawa suna shan hantsi.

Da kifi ya ja baya a tafki, sai ƙanensa Almustapha, wanda ko filafilin tuƙa jirgi bai iya riƙewa da kyau ba, ya haƙa rami ya fara kiwon tarwaɗa. Sahabi ya yi dariya har da riƙe ciki. Ba a jima ba fataken Yelwa suka koma tsayawa ƙofar Almustapha, Sahabi kuwa sai dai su ɗaga masa hannu daga kan babur. Ni maƙwabcinsa ne, na ga yadda abin ya ci shi. Hassada ce tsagwaronta, ko sunan yaron aka ambata sai tuwo ya fita ransa.

Ya sayar da jirgin, ya sayar da birgin, ya haƙa nasa ramin. Sai da ya je ya auna na ƙanensa da igiya don nasa ya fi faɗi. Wurin da ya zaɓa kuma gangaren bayan gida, ƙarƙashin tudun toka, inda duk mai wucewa kasuwa zai gani.

Almustapha ya zo ya durƙusa. "Yaya, a kwashe tokag ga kahin ruwa shi sauka. Na ji a rediyo, ƙasashen da dutsi ka aman wuta, toka na kashe kihin gulbi."

"Wane dutsi ka aman wuta Warra?" in ji Sahabi. "Ruwan toka da Inna ka sa muna ga miya, wa ya taɓa kashewa? Baƙin ciki dai kakai, ka ga nawa ya hi naka."

Kifin suka yi kyau, ban ƙi gaskiya ba. Sahabi har wani taku ya sake.

Ruwan farko ya sauka da la'asar kamar da bakin ƙwarya. Tudun ya narke ya gangara cikin ramin, ruwan ya yi fari-fari, yana santsi a hannu kamar sabulu. Kifin suka taso sama suna buɗe baki, fatarsu na saɓulewa. Kafin magariba duk sun juya ciki.

Almustapha ne ya fara isowa. Ya naɗe wando ya shiga kwasa. Washegari ya kawo inji ya zuƙe ruwan, ya kwashe tokar da kansa, bayan mako ya dawo da daro cike da 'ya'yan kifi kyauta. Gari ya ɗauka, masallaci da kasuwa sai sa masa albarka ake.

Na tarar da Sahabi zaune bakin ramin, idonsa jajur.

"Da ma dariya yay yi min, da na samu sauƙi," ya ce. "Dauri ga kihi yah hi ni. Yanzu hak kirki ya hi ni."