Hannu Goma Ya Ajiye Tsintsiya

Kafin a buɗe ɗakin yankar kati, Hannu Goma ya riga ya tada injin ruwa, ya ɗaure tayar keken marasa lafiya, ya ɗauki askarsa ya nufi ɗakin maza, inda tsofaffin da ba mai zuwa duba su ke jiran gyaran fuska. Shekara talatin da ɗaya yana haka a asibitin nan. A takarda kuwa, mai shara ne.

Tun yana saurayi yayansa ke masa faɗa: "Ka tsaya kan sana'a ɗaya, taura biyu ba ta taunuwa." Sai ya yi dariya: "Yaya, ai ɗaya bayan ɗaya nake taunawa." Ya koyi gyaran wuta, ya koyi aski, ya koyi maganar hannu saboda ƙanwarsa kurma.

Ungozomomi shaida ne. Ranar da na'urar ɗumama bakwaini ta mutu da jariri a ciki, mai gyara ya yi tafiya, Hannu Goma ne ya kwance bayanta ya haɗa wayar da ta ƙone. Jaririn ya rayu. Tukuicinsa? Takardar tuhuma! Shugaban ma'aikata ya daka masa tsawa: "Wa ya sa ka? Tsintsiya aka ba ka." Ya ce, "Ranka ya daɗe, tsintsiya za ta iya jira, yaron ne ba zai iya ba."

Wata rana likita zai yi wa wata kurma allura, tana ta girgiza kai, ana cewa taurin kai ne. Hannu Goma ne ya karanta hannunta: maganin yana kumbura mata maƙogwaro. Likita ya ajiye sirinji, ko sannu bai ce masa ba.

Sau huɗu yana neman ƙarin girma, sau huɗu ana cewa ba shi da satifiket. Makon jiya ya yi ritaya. A bakin ƙofa aka karɓi makullansa, ko kujera ɗaya ba a jera masa don bikin bankwana ba. Haba, shugabannin asibiti! Kun ci moriyar ganga kun ya da kwaurenta, ba ku ji kunya ba?

Baba Hannu Goma, kai ne gatan wanda ba shi da gata. Ba ka taɓa cewa "ba aikina ba ne". Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri.

Ku kuma matasa, duk abin da zuciyarku ke son koya, ku koye shi, ko da ofis bai san sunansa ba. Wata rana ran wani zai rataya a kai.