Taku Ɗari Biyu da Sha Biyu Zuwa Bakin Teku

Kun taɓa ganin mutumin da zai hau bene hawa uku da kabad mai ƙofa huɗu, ta matattakala mai lanƙwasa biyu, bai kankare ko fentin bango ba?

Ni na gani, ba sau ɗaya ba, domin mahaifina ne. Shekara arba'in da ɗaya Baba ya yi yana kwashe wa mutane kaya idan za su tashi daga wani gida su koma wani. Ya fara yana ɗan shekara goma sha bakwai, yana bin motar wani. Ya ajiye aikin yana da motarsa, da ma'aikata shida, da kafaɗa ɗaya da ba ta ɗaguwa sosai. A duk shekarun nan abu ɗaya tak ya taɓa fashewa a hannunsa, madubin wata malamar asibiti, shi ma ranar da aka haife ni ne, yana sauri ya ƙarasa aiki ya tafi ya ga jaririya. Har yau idan na yi masa laifi sai ya ce, "Ke dai tun ranar farko kike jawo min asara."

Yadda yake aikinsa kuwa, ba ya ɗaga komai ranar da aka kira shi. Sai ya fara zuwa tsohon gidan da wata farar igiya a aljihu, ya auna kowane babban kaya, ya ƙulla igiyar daidai faɗinsa. Daga nan ya wuce sabon gidan, ya bi ƙofa ɗaya-ɗaya da igiyar, har da lungun matattakala. Masu gida su yi ta ƙorafi wai yana ɓata musu rana guda. Washegari kuma su tsaya baki buɗe suna kallon kaya na shiga kamar da ƙafarsu. Ya sha ɗaure wa masu tafiya ƙasashen waje akwatunan katako, ya rubuta sunan gari a jiki da baƙin fenti, amma shi kansa ko filin jirgi bai taɓa shiga ba, iyakarsa bakin ƙofa.

Shi ya sa bana ni da Yayana muka haɗa kai, muka ce hutun ƙarshen shekara za mu fitar da Baba da Umma waje, mako guda, su ma su ga duniya. Yaya ya ɗauki nauyin tikiti, ni kuma aka bar min zaɓen gari. Ba a yi kuskure ba, domin a gidanmu Ƙidaya ake kira na. A kantin magunguna nake aiki, ni ce mai kula da ɗakin ajiya, kuma hannuna ya saba: ko layi na shiga sai na san mutum nawa ne a gabana.

Cikin kwana goma sha ɗaya na tattara garuruwa tara. Kowane gari na auna shi da abu goma sha huɗu: awa nawa ne a jirgi, sau nawa ake canja jirgi, kwana nawa biza take ɗauka, sanyi ko zafi, wuraren kallo, masallaci mafi kusa, har da tsawon minti nawa ake wasan wuta a sama daren shiga sabuwar shekara. Na ba kowanne maki, na buga takarda shafi huɗu. Wanda ya zo na ɗaya wani tsohon gari ne a kan tudu, mai gidajen dutse da fitilu a kowane lungu. Maki tamanin da bakwai ya ci.

Ranar Asabar muka taru a falo. Na raba wa kowa kwafinsa. Yaya ya duba, ya ce shi dai da garin da ake dusar ƙanƙara aka zaɓa, don ya yi hoto.

"Kai da fanka ma take sa maka mura?" in ji Umma.

Muka yi dariya. Sai ta naɗe takardarta gida biyu, ta ajiye a hannun kujera, ta ce, "Allah ya yi muku albarka. Ku tafi da babanku. Ni ku kawo min tsaraba."

Shekara uku ke nan da Umma ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. An yi aiki, ƙashi ya haɗu, likita ya ce ta riƙa takawa. Amma tun daga lokacin duniyarta ta dawo daga ɗaki zuwa kicin, daga kicin zuwa baranda, da sanda. Matar da a da ba a biki ko suna a unguwa ba ita, ta daina ƙetare ƙofar gida sai in asibiti za a kai ta a mota. Duk mun sani, kuma ni da na ƙirga abu goma sha huɗu ban sa wannan a ciki ba.

"Umma, ai akwai keken marasa lafiya," in ji Yaya. "Ni da kaina zan tura ki."

"Ka tura ni a gaban mutanen da ban sani ba, kamar buhun siminti? A'a."

Baba kuwa yana ta karatu. Yana riƙe da takardata nesa da fuskarsa, don ya manta tabaransa a ɗaki. Can ya ce, "Ƙidaya, wannan garin naki na ɗaya. Daga ƙofar masauki zuwa wurin da mutum zai fara samun abin zama, taku nawa ne?"

Na buɗe shafi na biyu, na buɗe na uku. Babu.

"To, kin auna gida, ba ki auna kaya ba," in ji shi. "Ni ban taɓa zuwa sabon gida ba sai na san faɗin abin da zan shigar."

Umma ta juyo ta kalle shi. "Malam, ni ce kabad ɗin?"

"Ke ai mai gilashi ce, Hajiya. Irin wadda ni kaɗai nake ɗauka, ba na bar wa yara." Ya ajiye takardar. "Idan ba ki je ba, ni ma ba inda za ni. Ba gardama nake yi ba, faɗa miki nake."

Umma ta san mijinta. Sai ta ce za ta gwada, amma kada wanda ya sa rai.

Washegari da hantsi na je gidan su Umma na tarar da su a ƙofar gida. Baba yana riƙe da kujerar roba a hannun da yake ɗaguwa, Umma ta dafa sanda. Ya ce min, "Ke ce mai ƙirga, yi aikinki." Ta fara takawa, ina ƙirgawa a zuci. A taku na talatin da bakwai ta tsaya, goshinta ya yi gumi, ta ce ƙafarta rawa take yi. Kafin ta rufe baki kujera tana bayanta. Ta zauna a gefen titi, daidai gaban shagon tela, tana ta jan mayafi tana rufe fuska don kunya. Telan ya leƙo, ya saki almakashi.

"Hajiya! Ke ce? Wallahi na ɗauka kun tashi daga unguwar nan!"

"Da wa zai kwashe mana kayan? Mai kwashewar ya tsufa."

Ranar na rubuta talatin da bakwai a bayan takardata mai shafi huɗu.

Mai sayar mana da tikiti ya ce saboda biza, mako biyar muke da shi mu tsayar da gari, in ya wuce haka sai dai baɗi. Baba ya tsara abin kamar aikin kwasar kaya. Bayan kwana uku ya daina yawo da kujera, don kafaɗarsa ta fara magana. Sai ya bi layin namu shago-shago. Kusan duk mutanen shi ya taɓa shigo musu da kayansu, ba wanda zai ce masa a'a. Tela ya fito da benci. Mai gyaran waya ya ajiye kujera. Mai wanki da guga ya kife bokiti ya ɗora matashi a kai. Kowace safiya kujerun suna jiran ta, kuma kowane mako Baba yakan je ya ce wa wani a cikinsu, "Gobe kada ka fito da taka, wuce ka za mu yi." Mai gyaran waya har fushi ya yi, wai an raba shi da abokiyar hira.

Mako na farko ta kai sittin da huɗu. Na biyu, ɗari da biyar. Na uku ƙafar ta kumbura, ta kwana biyu ba ta fita ba, da ta fito muka koma tamanin. Ranar ta yi kuka a kan bencin tela, ta ce mu ƙyale ta, ta gaji da zama abin kallo. Baba ya zauna kusa da ita, bai lallashe ta ba, sai ya fara ba tela labarin wani firij da ya taɓa maƙalewa a matattakala awa uku. Kafin ya ƙarasa, ita ce take gyara masa labarin, wai awa biyu ne, yana ƙari.

Ni kuma na koma kan garuruwana tara da tambayar Baba. Na rubuta wa otal ashirin da uku, tambaya ɗaya: daga ƙofarku zuwa benci mafi kusa inda mutum zai zauna ya ga gari, taku nawa ne, kuma akwai matattakala a hanya? Goma sha biyar ba su amsa ba. Bakwai suka turo min hotunan ɗakuna da jerin abincinsu. Garina na ɗaya kuwa, da na bincika da kyau, matattakala ce ko'ina, wani layin hawa casa'in. Na soke shi da hannuna, raina yana ciwo.

Amsa ta gaskiya daga gari na bakwai ta zo, wani ƙaramin gari shimfiɗaɗɗe a bakin teku, wanda na ba shi maki hamsin da ɗaya don wasan wutarsu minti shida ne kacal. Wata ma'aikaciyar otal ta ɗauki wayarta, ta fita daga ƙofa tana ɗaukar ƙafafunta a bidiyo, tana takawa a hankali kamar tsohuwa, tana ƙirgawa da ƙarfi. Ba tudu, ba matattakala. Ta tsaya a wani koren benci da yake fuskantar ruwa, ta juya wayar ta nuna teku. Taku ɗari biyu da goma sha biyu. A ƙasa ta rubuta cewa kakarta ma da sanda take tafiya.

Umma ta kalli bidiyon sau huɗu. Ba ta taɓa ganin teku ba. Ta ce, "Duk wannan ruwa ne? Ina ƙarshensa?"

Ranar Juma'ar da wa'adi zai cika, da safe, muka fita mu huɗu, har da Yaya da ya ɗauki uzuri a wurin aiki. Ta wuce tela. Ta wuce mai gyaran waya, yana ɗaga mata hannu. Ta wuce mai wanki. Ina ƙirgawa, bakina yana motsi. A ɗari da casa'in ta dafa bangon wani gida ta ce, "Nan ne." Babu kujera a wurin, sai Baba ya matso ta jingina da kafaɗarsa mai lafiya.

"Nawa?" ta tambaya.

Na so in ƙara mata, wallahi na so. Amma ban taɓa ƙarya a lissafi ba. "Ɗari da casa'in, Umma. Saura ashirin da biyu."

Yaya ya fara cewa ai ba komai, baɗi ma shekara ce. Ta ɗaga masa hannu. Ta numfasa sau biyu, ta kalli sauran titin.

"A nan me zan tarar in na ƙara ashirin da biyu? Kwata da shagon mai faci. A can kuwa teku ne. Sauran can zan yi su. Kira mai tikitin."

Yaya ya kira shi a nan tsaye a gefen titi. Baba kuwa ya samu dama, ya ce saura magana ɗaya, filin jirgi doguwar hanya ce, kuma ko kaya mai gilashi a kan amalanke yake ɗora shi idan baranda ta yi tsawo. Umma ta harare shi, ta ce za ta hau keken amma a filin jirgi kawai, kuma shi zai tura, ba wani ba.

Biza ta fito makon jiya. Saura kwana goma sha tara mu tashi. Har yanzu suna fita kowace safiya, jiya ta yi ɗari biyu da uku, kuma ta aiki Baba wurin tela da yadi biyu, wai ba za ta je ƙasar mutane da tsohon mayafi ba.

Idan ku ma kuna shirin fita da iyali ƙarshen shekarar nan, ina roƙonku abu ɗaya kafin ku buɗe hotunan garuruwa. Gobe da safe ku fita ƙofar gida da wanda ya fi kowa jinkirin tafiya a cikinku, ku taka tare da shi a takunsa, ku ƙirga har inda zai ce a tsaya. Ku rubuta abin da kuka samu, sannan ku nemi garin. Don Allah ku gwada.