'Yar Mai Gudun Ƙwai

Har yau ba na iya tsayawa kusa da inda ake babbake kaza. Da ƙaurin gashin nan ya bugi hancina, sai in gan ni a tsakar gidanmu na Ƙofar Kuyambana, ina 'yar shekara bakwai, tsugune a gindin murhu da kwanon ruwan zafi a gabana. Yaran maƙwabta dariya suke yi mini, wai Hajiya tana tsoron kaza. Ba tsoro ba ne. Bari in gaya maka ko mene ne.

Kakata ta wajen uba ita ce mai gidan, ko da yake akwai maza a ciki. Baba ma'aikacin gwamnati ne, in ya fita da safe sai la'asar, kuma ko yana nan, in Kaka ta ce abu baƙi ne, to baƙi ne. Tana da akurki uku na laka a bayan ɗakinta, kuma ta san kowace kaza da uwarta da kakarta, kamar yadda dattawan birni suka san asalin kowane gida. Dokarta ɗaya ce. Kazar da ta kwanta kan ƙwai ta tashi ta bar shi ya huce, wuƙa ce rabonta. Ba ita kaɗai ba, har 'ya'yanta mata. "A jini yake," haka take cewa. "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

A bazarar waccan shekarar an yi zafi irin wanda ko daɓen tsakar gida ba ya takuwa da rana. Akwai wata jar kaza da nake ba tsaba a tafin hannuna. Ta yi kwana goma a kan ƙwai, ranar sha ɗaya ta fito tana ta susar jikinta da baki, ta ƙi komawa. Kaka ta kama ta ta mayar, ta sake fitowa. Ƙwan duk ya zama baragurbi. Da Baba ya dawo aiki aka miƙa masa wuƙa, ya yanka ta tare da 'ya'yanta biyu da suka fara tasawa, waɗanda ko ƙwai ɗaya ba su taɓa yi ba.

Ni aka sa taya Kaka figa. Tana tuge gashin, idonta a kan kazar, ta ce, "Haka uwar wata ta yi."

Na san da wa take. Innata ta bar gidan tun ina sabuwar yaye, kuma abin da na tashi ina ji shi ne ta ɗauki kayanta ta tafi, ko waiwaye ba ta yi ba. Na ci naman kazar a miya, kar ka ce ban ci ba.

Washegari Kaka ta sa ni share akurkin. Ina zura hannu na ji kamar an watsa mini barkono. Ƙuma ce, baƙa ƙirin, ta rufe mini hannu har gwiwa. Na leƙa sauran akurkin biyu, ba ko ɗaya. Na ruga ina nuna wa Kaka hannuna, na ce ai ƙuma ce ta kore ta. Ta dubi hannun, ta dube ni, ta ce, "Uwar kirki ko wuta ce ba ta tashi." Ta miƙo mini toka ta ce in barbaɗa.

Daga nan maganar ta bi ni. In na goya ƙaramin yaro zane ya kwance, sai a ce ai dama. In na manta da jariri yana kuka ina can wajen 'yar carafke, sai a haɗa ido. Sauran 'yan matan gidan su ma suna mantawa, amma su ƙuruciya ce, ni kuwa gado.

Auren zumunci na yi, da ɗan wan babana, kuma ina son sa. Ɗakina bai fi taku ashirin daga na Kaka ba. Na haifi ɗa namiji, na yi wankan jego, na yi goyo. Da lokacin yaye ya yi, aka kai shi Gyallesu wajen Gwaggo, ƙanwar babana, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Yaye dai sati biyu ne, ko wata ɗaya, yaro ya manta da nono ya dawo. Wata ya wuce, damina ta sauka, aka yi girbi, ba a dawo da shi ba. Mijina ya taɓa yi wa Kaka maganar sau ɗaya, ta ce masa, "Gara a ɗauke shi yanzu da a bari ta ajiye shi da kanta." Ya dawo ya zauna a bakin gado, bai iya kallona ba.

Mutane sun ce na yi kunyar ɗan fari, har yabona aka riƙa yi. Ƙarya ne, wallahi ba kunya ba ce. Ga abin da ya fi ci mini rai har gobe: ban je na ɗauko shi ba domin na yarda da Kaka. Duk ranar da yaron nan ya yi ta kuka na ji na gaji, sai in ce a raina, ga shi nan, jinin ne ya fara motsi. Ni da na ga ƙuma da idona! Sai ga shi na yanke wa kaina hukuncin da aka yanke wa kazar.

Sai bayan rasuwar Kaka ne Gwaggo ta faɗa mini gaskiya, muna tsinke zogale, kamar tana ba da labarin kasuwa. Sakin Inna aka yi, aka ce ta ajiye 'ya ta tafi. Sau uku tana zuwa zaure da 'yar tsarabarta ana mayar da ita. Lokacin da na ji wannan, Inna ta daɗe da rasuwa a wani gari, ɗana kuma yana makarantar sakandare. Gwaggo yake kira Mama. Ni Anti yake ce mini, da ladabinsa, har ƙasa yake durƙusawa.

To, ka ji ikon Allah, yaron nan tsuntsaye ya je ya karanta a jami'a. Ran nan ya zo gaishe ni, na ce ya bayyana mini aikin nasa. Ya ce suna kama ƙananan tsuntsayen daji, su sa wa kowane zobe a ƙafa, su ɗebi ɗigon jini daga ƙarƙashin fiffike, su duba ƙwayoyin gado don su gane wa ya haifi wa. Sannan su zauna suna kallon wa ke kawo abinci sheƙa. Wani lokaci ma, in ji shi, mai ciyarwar ba shi ne ya haifa ba. Har ƙwai suke musanyawa tsakanin sheƙa da sheƙa, don su ga ko iya reno a jini yake ko koya ake yi.

Na ce, "To wadda ta gudu ta bar ƙwanta fa? 'Yarta ma za ta gudu?"

Ya ce, "Anti, ai ba a yanke wa tsuntsuwa hukunci da sheƙa ɗaya. Sai an duba ko yunwa ce, ko ƙwari, ko wani abu ya firgita ta. Ni shekara da shekaru ina kai, har yanzu ba zan ce miki na sani ba."

Shekara da shekaru! Yanzu zamani ya kai ana yi wa tsuntsuwar daji uzuri, ana kai jininta ɗakin bincike kafin a ce tana da laifi. Ba na baƙin ciki da hakan. Amma ni da Inna, ko tambayarmu ba a yi ba.

Ban san lokacin da na naɗe hannun rigata na miƙa masa ba. Na ce, "Ɗebi nawa ka duba."

Ya yi dariya har da tafa hannu. "Kai, Anti, ke dai akwai barkwanci!" Sannan ya duba agogo, ya ce bari ya wuce Gyallesu, Mama ba ta cin abinci sai ya zo.

Na raka shi har zaure, na ce ya gaishe ta.