Shahad da Garin da Aka Kife Turame

Magani Hajja Kubra ta je saya a wani kanti a unguwar Mansur ta Makka ranar da ta fara sanin Shahad. Tun rasuwar mijinta ba ta da mai karanta mata rubutun kwali, ita kuwa karatunta bai wuce na allo ba. Yarinyar kantin ta lura tana ta jujjuya kwalayen. Sai ta ɗauki biro ta zana rana a kan ɗaya, jinjirin wata a kan ɗaya, na ukun ta yi masa ɗan faranti da cokali. Daga nan zumunci ya ƙullu, har ta kai in Shahad ta tashi aiki bayan la'asar sai ta biyo ta gidan Hajja kafin ta hau tasi zuwa unguwarsu ta Shisha.

Shahad 'yar Malam Abdulilah ce mai gyaran firiji. A Makka aka haife shi, a Makka ya haife ta, kuma Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa da neman ƙarin miya ba. Abin da ke ranta shi ne labarin zane, irin wanda ake jera hotuna gida-gida kamar tagogi. Nata duk na ban tsoro ne, a ƙananan garuruwa, lokacin kaka.

Wata rana ta zo fuska ba walwala. Masu buga littattafai a Jidda sun dawo mata da aikin shekara biyu, sun ce sun sha ganin irinsa, amma sun ba ta wata biyu ta gyara. Mahaifinta, wanda bai taɓa buɗe ko shafi ɗaya ba, ya ce in aka sake dawowa da shi, to ta tattara alƙalumanta ta riƙe kanti.

Hajja ta goge tabarau ta duba. Ganyaye ja suna zuba, ga kabewa an fafe mata ido da baki. Ta tambaya ko wane gari ne wannan, Shahad ta ce garin Hausawa ne.

"Ikon Allah. Wane Bahaushen ne zai ɓata kabewa haka, ga taushe na jira?"

Shahad ta yi dariya har da hawaye, ta ce to Hajja ta faɗa mata abin tsoro a kaka. Hajja ta fara gindaya sharaɗi, ba za a zana fuskar aljani da saninta ba. Sannan tunaninta ya koma ƙauyensu na kusa da Tasawa, wanda ta bari tana 'yar shekara goma sha biyu suka biyo ta Sudan. Ta ce a can kaka ba lokacin mutuwar ganye ba ne, lokacin ƙoshi ne. Damman gero a jibge, rumbuna cike, kuma tun kafin ka hango gari za ka ji shi, don kowane gida daka ake yi.

"To ki ce matafiyi ya iso da hantsi, 'yata. Ga gero ko'ina, ga mutane suna masa maraba, amma bai ji taɓarya ko ɗaya ba."

Shahad ta tambaya da Larabci yadda ake zana shiru. Hajja ta ce wannan kuma aikinta ne.

Bayan mako guda Shahad ta dawo da shafi. Matafiyi na tafe cikin lungu, a ƙofar kowane gida an kife turmi, mata zaune sun juya baya, hannuwansu fari fat da gari. Hajja ta daɗe tana kallo. Ta nemi tsari a ranta, sannan ta nuna rumbu ta ce ba a yi masa ƙofa a ƙasa kamar shago, ta sama ake shiga. Haka suka yi ta yi. Shahad ba ta taɓa fushi da gyara ba, akwai shafin da ta sake sau bakwai saboda ɗaurin zanen wata tsohuwa.

'Yan Jidda suka karɓa. Hajja ba mai yawan magana ba ce, amma ranar duk maƙwabciyar da ta leƙo sai da ta ji cewa 'yar Malam Abdulilah ta yi littafi. Shi kuwa Malam ya ce alkawari alkawari ne, ta ci gaba. Ya ɗora littafin a kan firiji a cikin ledarsa, har yau bai buɗe ba.

Shahad ta ce wa Hajja ba izini kaɗai take so ba. Kakarta ta wajen uba ta yi daka a unguwar Jarwal tun kafin a rushe tsofaffin gidaje, a gefen turminta Malam ya girma, amma ita in ta yi masa bayani da Larabci sai ya gyaɗa kai kawai. Ta riƙe hannun Hajja, ta harhaɗo 'yar Hausarta.

"Hajja, ki zo gidanmu Juma'a. Mama za ta yi shayi. Ki buɗe masa, ki faɗa masa hotunan da Hausa."