Kunun Gyaɗar Gidan Surukata

Ban kai rabin kwanon ba na ji leɓena ya yi nauyi, maƙogwarona kamar ana ɗaure shi da igiya. Lokacin ina amarya, 'yar Rijiyar Zaki, karo na farko da na je gaida surukata a ƙauyensu can bayan Minjibir. Tun ina yarinya gyaɗa ke sa min ƙaiƙayi, amma ko mijina ban faɗa wa ba, na ɗauka ba wani abu ba ne. Shekarar kuwa abinci ya yi wuya, 'yar gyaɗar da Inna, surukar tawa, ta ɓoye don iri ita ta daka ta dama min kunu. Ta zauna tana kallona, tana cewa in sha kar in yi kunya, nan gida ne. Wallahi na kasa cewa a'a.

Nan da nan fuskata ta kumbura, jikina ya yi ruɗu-ruɗu, numfashi ya koma kamar busar sarewa. Mata suka cika ɗakin. Wata ta ce iska ce, aka kunna turare, hayaƙi ya ƙara shaƙe ni. Wata ta ce a ɗura min manja, suka danne min hannuwa. Ina jin komai, na san abin da ke damuna, amma murya ta ƙi fita. Ina nuna kwanon da ido, su kuma suna cewa ai yarinyar ƙari take so. Mijina ya fita neman mashin, duk ƙauyen babu mai, sai da aka tsiyayo na injin ban ruwa.

A asibiti ma'aikaciyar na ganina ta soka min allurar adirenalin a cinya, sannan iska ta fara shiga. Ta ce wannan ba borin jini na wasa ba ne, da mun ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Inna tana bakin gado tana kuka, wai da hannunta ta so kashe 'yar mutane. Wannan ya fi min ciwo.

Dan Allah, in wani abinci ba ya karɓarku, ku je a duba ku, ku faɗa wa kowa, har surukai. In kun ga mutum ya kumbura yana shaƙewa, kar ku ɗura masa komai, asibiti kawai. Ku fa, in yau muryarku ta ɗauke, wa ya san abin da zai faɗa a madadinku?